Jarabar wayar salula a tsakanin matasa: alamominta da illolinta ga lafiya

Ga Hausawan da ke zaune a Garwa, Njamena, Kwatano ko zangon Kumasi, wayar komai-da-ruwanka ta zama igiyar zumunci. Da ita ake aika saƙon murya zuwa gida, ake sauraron wa'azi, ake kallon fina-finan Hausa, har yaran da aka haifa a baƙunta su riƙe harshen iyayensu. Sai dai a gidaje da yawa wayar ce kuma ke hana samari da ƴan mata runtsawa har kiran sallar asuba.

Mece ce jarabar waya?

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ba ta sanya jarabar waya a jerin cututtuka ba. Abin da ta amince da shi shi ne jarabar wasannin bidiyo, wadda ta shiga kundin cututtuka na CIM-11 da aka zartar a 2019, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022. Kundin ya kawo alamomi uku: mutum ya kasa tsayar wa kansa iyaka, ya fifita wasan a kan sauran harkokin rayuwa, ya kuma ci gaba da yi duk da yana ganin ɓarnar da yake jawo masa. Galibi sai alamomin sun kai wata 12 kafin likita ya yanke hukunci.

Masu bincike na aron wannan ma'auni wajen auna mu'amalar matasa da waya. Saboda haka yawan awoyi kaɗai bai isa hujja ba. Ɗalibin da ya yi awa uku yana bitar darasi ya ajiye, ba ɗaya yake da wanda ya bar abinci ya huce, ya makara makaranta, ya kuma harzuƙa idan caji ya ƙare ba.

Girman matsalar

A watan Satumban 2024, ofishin OMS na Turai ya fitar da sakamakon wani bincike da ya shafi yara kusan 280,000 masu shekara 11, 13 da 15 a ƙasashe da yankuna 44 na Turai, tsakiyar Asiya da Kanada. An gano cewa masu alamun jarabar shafukan sada zumunta sun ƙaru daga kashi 7 cikin ɗari a 2018 zuwa kashi 11 a 2022. A wajen ƴan mata adadin ya kai kashi 13, na maza kuwa kashi 9. Alkaluman na can ne, amma manhajojin TikTok, Facebook da YouTube da ke wayoyin waɗancan yara su ne a wayoyin yaran Marwa da Damagaram.

Me ya sa ta fi kama matasa?

An ƙera manhajojin ne don su riƙe mai kallo: bidiyo na ƙarewa wani na farawa, sanarwa na shigowa a kai a kai, kowane yabo da aka samu yana motsa sinadarin dofamin mai sa ƙwaƙwalwa ta nemi ƙari. Sashen gaban ƙwaƙwalwa kuwa, mai kula da kame kai, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. A yankinmu akwai ƙarin dalili: kamfanonin sadarwa kan sayar da intanet ɗin dare da rahusa, matashi mai ƙaramin ƙarfi sai ya jira tsakar dare kafin ya fara kallo.

Illoli ga lafiya

Barci ne ke fara shan kashi. Likitocin barci na Amurka sun ce mai shekara 13 zuwa 18 na buƙatar awa 8 zuwa 10 a kowace rana. Hasken waya na jinkirta fitar sinadarin melatonin mai kawo barci, hira da bidiyo kuma na hana hankali kwanciya. Washegari sai gyangyaɗi a aji, mantuwa da saurin fushi, abin da kan taɓa sakamakon mai shirin jarrabawar BEPC ko BAC.

A fannin lafiyar tunani, babban likitan gwamnatin Amurka na wancan lokacin, Vivek Murthy, ya yi gargaɗi a 2023 cewa matasan da ke wuce awa uku a rana a shafukan sada zumunta sun ninka sauran haɗarin shiga damuwa da fargaba. Wani lokaci damuwar ce ma ke tura yaro ya fake da waya.

Jiki ma bai tsira ba. Doguwar sunkuyawa na kawo ciwon wuya da kafaɗa, ƙura wa allo ido na busar da idanu, zaman wuri ɗaya kuma na cinye minti 60 na motsa jiki da OMS ta shawarci masu shekara 5 zuwa 17 su yi kullum. Hukumar ta kuma ce sama da matasa biliyan ɗaya na cikin haɗarin raunin ji saboda sauraron sauti mai ƙara, har da na abin saƙalawa a kunne.

Matakan da wasu ƙasashe suka ɗauka

Faransa ta hana amfani da waya a makarantun firamare da kolej tun 2018. A 2021 Sin ta taƙaita wasannin intanet ga ƴan ƙasa da shekara 18 zuwa awa uku a mako. Majalisar Ostireliya ta zartar da dokar hana ƴan ƙasa da shekara 16 shafukan sada zumunta a watan Nuwamban 2024.

Abin da iyaye za su iya yi

Matakin da ya fi sauƙi shi ne raba waya da shimfiɗa: a ajiye ta awa guda kafin kwanciya, a yi cajinta a ɗakin iyaye. A kashe sanarwar da ba ta zama dole ba, a hana taɓa waya lokacin cin abinci, a yi amfani da manhaja irin Family Link wajen tsayar da lokaci. Ƙwace waya da faɗa kan sa yaro ya koma aron ta aboki a ɓoye. Yarjejeniyar da aka yi da shi ta fi ɗorewa, musamman idan manya ma suna binta. Idan kuwa yaro ya daina zuwa makaranta, ya ƙaurace wa mutane, ya fara ɗaukar kuɗi don sayen intanet ko caca, ko ya ambaci cutar da kansa, to a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.