Mazan da Suka Tsaya wa Ilimin Mata a Gidan Shehu

Ke da ke tankaɗe a tsakar gida, ke da ke ɗaka kina lallashin yaro, ki ɗan matso da rediyon kusa. Yau za mu koma baya ne, sama da shekara 200, mu leƙa gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

Duk mun san sunan Nana Asma'u. Makarantu nawa ne ke ɗauke da sunanta, 'ya'ya nawa aka raɗa wa? Amma ba kasafai ake gaya mana su wa suka share mata hanya ba. To, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bari mu bi mazan nan ɗaya bayan ɗaya.

Na farko mahaifinta. An haifi Shehu a Maratta, ƙasar Gobir, a 1754. Tun da ya fara yawon wa'azi mata ke zuwa sauraro, a keɓe musu wurinsu daban. Wannan abu bai yi wa wasu malamai daɗi ba. A shekarun 1780, Shehu na ƙasar Zamfara, wani malami daga Barno mai suna Mustafa Goni ya aiko masa da waƙa yana neman ya hana mata zuwa. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya ba da amsa. Abin da amsar ta ƙunsa shi ne, su ba sa cakuɗa maza da mata, kuma a bar mace cikin jahilcin addininta ya fi fitarta neman sani illa. Kin ji fa, wannan gardama da ake yi a zaurukanmu yau an yi ta tun kafin a haifi kakannin kakanninmu.

Shehu bai tsaya nan ba. A littafinsa Nurul Albab ya soki malaman da ke wuni suna karantar da almajirai, alhali matansu da 'ya'yansu mata na cikin gida ba su san hukuncin alwala da salla ba. Ya nuna cewa koyar da su wajibi ne a kan maigida. Ya kuma ja kunnen mata kada a ruɗe su da cewa aljannarsu na cikin girki da wanki kawai, ba tare da sanin Allah da Manzonsa ba.

A cikin wannan gida aka haifi Asma'u a Degel a 1793, ita da tagwaininta Hassan. Tana da shekara kamar 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Yaƙi, yunwa, ƙaura, duk ta gani da idonta, amma karatu bai tsaya ba. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Na biyu mijinta, Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato. 'Yar uwa, mu da ke gidan aure mun san cewa ilimin da yarinya ta zo da shi daga gidan uba yana iya rayuwa ko ya mutu a gidan miji. A gidan Giɗaɗo Asma'u ta yi kusan duk rubuce-rubucenta, tana kuma haihuwa tana reno. Bayan rasuwar Sarkin Musulmi Bello a 1837, ita da mijinta suka duƙufa wajen adana tarihin Shehu da na Bello, shi yana rubutun zube, ita tana waƙe.

Na uku yayanta, Muhammadu Bello. Ya rubuta littafi a kan mata waliyyai da masana na tarihin Musulunci, ita kuma ta mayar da shi waƙa da Fulatanci da Hausa, don matar da ba ta iya Larabci ba ta haddace. Sai ƙaninta Isa, wanda ya juya wasu waƙoƙinta zuwa Hausa.

Da wannan goyon baya ta kafa 'Yan Taru a shekarun 1830. Ga yadda abin yake. A ƙauye a zaɓi dattijuwa mai hankali, Nana ta naɗa ta Jaji, ta sa mata malfa da jan rawani. Jaji ta jagoranci tsofaffi da ƙananan 'yan mata su tako har Sakkwato, su koyi waƙoƙin tauhidi, tsarki, salla da kyawun hali. In sun koma, sai su shiga gida gida suna koya wa matan aure da ba sa fita. Wato mace irinki, mai kulle, ita aka yi wa tsarin nan. Kuma ba Jajin da za ta kama hanyar kwana da kwanaki ba tare da mazan gidanta sun yarda ba. Da Nana ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

Na kawo miki wannan ne saboda na san akwai mai saurarona da ke son shiga Islamiyyar matan aure tana tsoron buɗe baki, akwai kuma wadda ake shirin cire 'yarta daga makaranta. Idan za ki yi wa maigida magana, ki nemi lokacin da ya ci ya huta, ki ba shi labarin nan a hankali. Ba baƙon abu kika roƙa ba, abin da Shehu ya yi wa 'yarsa ne, Giɗaɗo ya yi wa matarsa. In kina da ɗa namiji, ki fara gaya masa tun yana ƙarami, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shi ne mijin wata gobe.

Ku kuma iyayenmu maza da ke jinmu daga zaure, mun san kuna ji. Wanda ya sayi allo ko littafi ya kai ɗaki, Allah ya saka masa da alheri.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida yara, a huta lafiya.