Tarihin kyamara mai madubi da darasin da ta bar wa lakol

Uwaye da ƴan uwana malamai, yaran da ke zaune gabanmu a aji sun taso sun tarar da hoto abu ne na danna salula. Idan ka tambayi ɗalibi yadda fuskarsa ta shiga cikin waya, da wuya ya wuce ce maka ai haka aka yi ta. Amma kafin a kai nan, mutane sun shafe ɗaruruwan shekaru suna kokawa da haske, kuma babu na'urar da ke nuna wannan kokawar a fili kamar tsohuwar kyamara mai fim da madubi a ciki, wadda masu hoto na ƙasarmu ke kira reflex.

Asalin abin ya girmi fim nesa ba kusa ba. Ibn al-Haisam, masanin da aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana cewa haske miƙe yake tafiya, kuma idan ya shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar huda, surar abin da ke waje za ta fito a bango, kai ƙasa ƙafa sama. Surar kam ta fito, amma riƙe ta ya gagara har ƙarni na 19. Wani Bafaranshe, Nicéphore Niépce, shi ya kama ta a kan farantin ƙarfe wajen 1826, bayan ya bar akwatinsa a taga aƙalla awa takwas. A 1839 gwamnatin Faransa ta bayyana wa duniya dabarar Louis Daguerre. A 1888 George Eastman na Amurka ya fito da Kodak mai naɗaɗɗen fim na hoto 100. Sai 1925, lokacin da Leica ta Jamus ta sa fim ɗin sinima mai faɗin milimita 35 cikin kyamarar da ke shiga aljihun riga.

Duk da haka akwai matsala guda da ta daɗe tana damun masu hoto. A ƙananan kyamarori, ido yana leƙe ta wata taga, fim kuma yana karɓar haske ta wani gilashi daban. Tunda ba wuri ɗaya suke ba, abin da mai hoto ya gani da abin da fim ya ɗauka sukan saɓa, musamman idan mutum yana kusa. Shi ya sa a tsofaffin hotuna za ka ga an datse wa ango hula ko an yanke wa amarya kafaɗa. Maganin shi ne a sa madubi a jirkice bayan gilashin gaba, ya karkato hasken zuwa ido. Idan aka danna, madubin ya ɗaga sama, labule ya buɗe, hasken nan dai ya faɗa kan fim. Wani Bature ɗan Ingila, Thomas Sutton, ya yi rajistar wannan dabara tun 1861, amma akwatunan lokacin manya ne masu nauyi.

Sai a 1936 kamfanin Ihagee na birnin Dresden a Jamus ya haɗa madubin da ƙaramin fim a cikin Kine Exakta. Ita ma ta sama ake leƙa ta, kuma dama takan koma hagu. A 1949 Contax S ta gyara wannan da wani dunƙulen gilashi mai fuska biyar da ke miƙe surar daidai, shi ne ƙusumbin da kuke gani a saman irin waɗannan kyamarori. Daga nan Japanawa suka karɓi ragamar. Asahiflex IIB ta 1954 ta zo da madubin da ke komawa mazauninsa nan take bayan an danna, Nikon F ta 1959 kuma ta zama abokiyar tafiyar ƴan jarida. Pentax K1000, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1976 zuwa 1997, ita ce makarantun koyon hoto suka fi so, don pil ɗinta awon haske kaɗai yake yi. Ko ya mutu, kyamarar tana aiki.

To, me mai riƙe da ita yake yi? Abu uku ne a hannunsa. Na farko, ya murza zoben gilashi har fuskar da yake so ta fito tas. Na biyu, ya zaɓi faɗin ƙofar haske, mai lambobi 2,8 da 4 da 5,6 da 8 da 11 da 16. Lamba na hawa, ƙofa na tsukewa, kuma kowane mataki yana rage rabin haske. Na uku, ya zaɓi daɗewar labule a buɗe: kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa, ko cikin 125, ko 250, har zuwa 1000. Masu sana'ar suna da ƙa'ida da suka haddace: da rana tsaka, da fim mai lamba 100, ƙofa 16 da labule 125. Idan doki ne ke sukuwa ranar Salla, sai a gaggauta labule zuwa 500, a buɗe ƙofa zuwa 8, hasken da ya shiga bai canza ba. Idan aka sauka ƙasa da 60, rawar hannu za ta ɓata hoton. Fim guda hoto 24 ne ko 36. Bayan kowane ɗauka a ja hannun da ke tura fim gaba, in ya ƙare a naɗe shi ya koma gwangwaninsa kafin a buɗe bayan kyamara. Wanda ya buɗe da gaggawa, haske ya cinye masa aikin biki sukutum, ba kuwa za a sake ɗaura auren don shi ba.

Da ilimin awon haske irin wannan masu hoto na yankinmu suka adana mana zamanin samun ƴancin kai. Malick Sidibé na Bamako ya bi samari da ƴan mata wuraren rawa, har duniya ta karrama shi da babbar lambar bikin fasaha na Venise a 2007. A Yamai, Philippe Koudjina, haifaffen Kwatano a 1940, ya ɗauki rayuwar daren birnin a shekarun 1960 da 1970. Ban da su akwai ɗimbin masu hoto na Maraɗi da Damagaram da Tawa da ba a rubuta sunayensu ba, waɗanda suka ɗauki hotunan katin jarrabawa, da suna, da dawowar alhazai.

Ƙarshen zamanin daga cikin gida ya fito. A 1975 wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar da ba ta buƙatar fim. A 1985 Minolta 7000 ta karɓe aikin murza gilashi daga hannun mutum. A Janairun 2012 Kodak kanta ta kai ƙarar karayar arziki gaban kotu. Kowane ci gaba ya rage wahala, ya kuma rage abin da mai ɗauka ke buƙatar sani.

A nan maganar ta shafe mu. Malamin da ya samu aron tsohuwar reflex, ko da babu fim, ya samu darasi uku a hannu ɗaya. Ya cire gilashin gaba, yara su ga madubi yana ɗagawa. Ya buɗe baya, su ga labule a daƙiƙa guda da kuma a 500. Ya tambaye su: idan na rage lokaci da rabi, me zan yi wa ƙofa? Lissafin rabi da ninki ke nan, wanda muke shan wahalar cusawa da alli. Inda babu kyamara, gwangwanin madara da ƙusa da takarda mai shara-shara sun isa a maimaita gwajin Ibn al-Haisam a farfajiyar lakol.

Ku kuma uwaye, ku duba ƙasan akwati. Hotunan nan da baƙin fim ɗin da aka wanke, gara da zafi da danshin damina suna cin su a hankali. A sa su cikin ambulan na takarda, a ajiye wuri busasshe. Tun tsofaffin da suka san fuskokin suna raye, a zaunar da yaro kusa da kakarsa, ya rubuta suna da gari da shekara da fensir a bayan kowane hoto. Mai hoton ya yi nasa aikin tun da daɗewa, da hoto 36 kacal a cikin kyamararsa. Saura namu.