Me Ke Sa Masu Ceto Naɗe Tabarma Tun Ana Jiran Rai?

Ranar 22 ga Janairun 2010, kwana goma bayan girgizar ƙasar da ta rusa Port-au-Prince, gwamnatin Haiti ta ce an kammala neman masu rai. Ayarin masu ceto na ƙasashen waje suka soma haɗa kaya. Kwana biyar bayan nan, Faransawa suka zaƙulo wata budurwa da ranta daga ƙarƙashin ɓaraguzai. Sai tsohuwar tambaya ta sake tashi: ina gaggawar tafiya?

Wani ɓangare na amsar yana jikin ɗan'adam. Wanda gini ya danne, ba ruwa, ga rauni, da wuya ya haura 'yan kwanaki, kuma tsokar da ta daɗe a danne tana sakin gubar da ke kashe ƙoda. Baƙi kuwa sai a kwana na biyu ko na uku suke sauka. Kafin nan maƙwabta sun riga sun ciro mafi yawan masu sauran shan ruwa, kamar yadda aka gani a Kobe ta Japan a 1995. A Haiti, inda gwamnati ta ce mamata sun haura dubu ɗari biyu, mutum 132 baƙi suka ciro kafin waccan sanarwa.

Tun daga gida ma an yanke musu wa'adi. Ƙa'idar INSARAG, ƙungiyar da ke daidaita aikin ayarin ceto, wadda aka kafa ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya a 1991 bayan ruɗanin girgizar Armeniya ta 1988, ta ce babban ayari ya zo da guzurin kwana goma: abinci, ruwa, magani, tanti. Idan ya ƙare, mai ceto ya zama nauyi a kan waɗanda ya zo taimaka wa. Karnukan neman mutane ma sun gaji, tafin ƙafarsu duk yankan gilashi.

Dalilin da ba a cika faɗa ba, kuma a ganina shi ne babba, shi ne shiru. Neman mai rai sai an kashe janareta, an tsayar da motoci, a kafa na'urar saurare a jikin kankare ana jiran ƙwanƙwasa. Muddin ana haka, katafila ba za ta shiga ba. Ga gawarwaki na ruɓewa, ga dangi na son yi wa nasu sutura, ga hanyar motar ruwa a toshe. Dole wani ya zaɓa, kuma gwamnatin ƙasar ce mai wuƙa da nama.

Akwai batun tsaro, amma ana zuzuta shi. Sojojin Ostiriya da ayarin Jamus sun dakata da aikin ceton girgizar ƙasa a Hatay ta Turkiyya ranar 11 ga Fabrairun 2023 saboda rahotannin rikici, daga baya suka koma bakin aiki. A Nepal kuwa, bayan girgizar 2015, gwamnati ce da kanta ta sallami baƙin, don damina ta ƙarato kuma dubban mutane na kwana a fili.