Murhun Gas A Cikin Gida: Samar Da Iska Da Gwajin Kayan Aiki

A shekarun baya, tukunyar gas kaya ce da ba a cika ganinta ba sai a gidajen manyan ma'aikata a Dutse ko Kano. Tsadar kananzir da ƙarancin itace sun sauya wannan. A yau ana samun ƙaramar tukunya mai kilo 3 ko 6 a ɗakunan ɗalibai, da wajen masu shayi, da cikin kayan ɗakin amare a Birnin Kudu da Babaldu da Gwaram da Sara da Basirka, yayin da gidaje masu yawan iyali kan sayi mai kilo 12.5. Wannan ci gaba ne da muke maraba da shi, domin yana rage saran daji, yana kuma raba mata da hayaƙin murhu. Sai dai kayan ya shigo gidajenmu kafin ilmin aiki da shi ya iso, musamman abin da ya shafi iskar ɗakin da aka ajiye shi.

Haɗari iri biyu ke tattare da murhun gas, kuma kowanne da hanyar da yake bi.

Na farko shi ne yoyo. Gas ɗin girki ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka idan ya zuba ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Ƙasa yake kwanciya, ya taru a ƙarƙashin gado da lungun ɗaki da cikin kwata. A cikin tukunya ruwa-ruwa yake, amma lita ɗaya idan ta fito takan buɗe ta ninka kimanin sau 250. Da zarar ya kai kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, ƙyasta ashana ko taɓa makunnin lantarki ya isa ya tayar da gobara. A asalinsa ba shi da wari. Warin nan da ake ji, da gangan kamfanoni suke zuba wani sinadari domin hanci ya yi wa mutum gargaɗi.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Kowace wuta tana cin iska. Idan iskar ɗaki ta yi ƙaranci, ƙonewar ba ta kammala, sai a sami wata guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar numfashi sau 200 ko fiye. Alamunta su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, abin da da yawa daga cikinmu za su ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, su sha magani su koma su kwanta a ɗakin da ya jawo ciwon. Abin lura shi ne idan mutanen ɗaki ɗaya suka kamu lokaci guda, kuma suka ji sauƙi da fitarsu tsakar gida, to a zargi iskar ɗakin. Wannan guba ita ce dai ke hallaka iyalan da suka kwana da kaskon gawayi a lokacin hunturu, ko suka shigar da janareta cikin zaure don tsoron ɓarayi.

A nan ne fasalin gininmu ya shigo. Madafa ta gargajiya rumfa ce ko ɗaki mara ƙofa a tsakar gida, iska na ratsa ta ta ko'ina. Amma gas ba ya hayaƙi, shi ya sa uwargida take ganin ba laifi ta shigar da shi ɗakin kwana, kusa da labule da katifa. Ɗakunanmu na ƙasa kuwa galibi ƙaramar taga ɗaya gare su can sama, ita ma daga Disamba zuwa Janairu a kan toshe ta da tsumma ko kwali saboda sanyi da ƙura. Sabon gini na bulo mai silin da gilashi ma bai tsira ba, sau da yawa ya fi na ƙasa riƙe iska.

Ɗakin da za a yi girki da gas yana bukatar kafa biyu waɗanda ba a rufewa. Ɗaya a ƙasa, daf da daɓe, inda sabuwar iska za ta shigo kuma gas ɗin da ya zuba ya sami mafita. Ɗaya kuma a sama kusa da rufi, a bangon da ke fuskantar waje, inda zafi da gurɓatacciyar iska za su fita. Taga ta sama kaɗai ba ta fitar da gas mai yoyo. Ana iya sa wa kafofin raga saboda sauro da ɓera. Mafi kyau ma, a ajiye tukunyar a waje cikin inuwa, a tsaye, a ratso da tiyo ta bango. Kada a bar ta a rana, musamman a zafin Maris da Afrilu.

A ƙasashe masu sanyi kamar Ingila, inda ake kafa murhun gas don ɗumama ɗaki, doka ba ta yarda kowa ya haɗa shi ba sai ma'aikaci mai rajista. Shi ma bayan ya haɗa sai ya saki hayaƙi a bakin murhun, ya tabbatar bututun yana zuƙe shi waje, ba ya dawowa ɗaki. Ba mu da irin wannan murhu a yankinmu, amma hikimar gwajin tana da amfani a gare mu, kuma kayan yinsa suna cikin kowane gida.

A fara da gwajin yoyo. A kaɗa sabulu ko omo da ruwa, a buɗe kan tukunya alhali murhu na kashe, a shafa kumfar a wuyan tukunya da mahaɗin regileta da bakin tiyo na kowane ɓangare, sannan a bi tsawon tiyon. Duk inda kumfa ke tasowa tana girma, akwai yoyo. A rufe tukunya nan take, a gyara ko a sauya. Muna jan kunnen jama'a game da ɗabi'ar nan ta wasu masu gyara, ta neman yoyo da wutar ashana. Ganganci ne tsagwaronsa. Tiyon ruwa ba ya maye gurbin tiyon gas, haka nan ɗaurin roba ko waya ba ya maye gurbin maɗaurin ƙarfe. Ana maimaita wannan gwaji duk lokacin da aka dawo daga cika tukunya.

Sai an tabbatar babu yoyo ake zuwa ga wuta. Harshen wuta mai lafiya shuɗi ne, a tsaye yake. Idan ya koma rawaya yana lilo, ko yana baƙanta gindin tukunyar girki, to ko dai ramukan kan murhu sun toshe da miya da ƙura, ko iska ba ta wadata ba. A wanke kan murhun a sake gwadawa.

Daga nan sai gwajin iska. A rufe ƙofa da taga yadda aka saba yi da sanyi, a bar murhu na ci kamar minti 10, mai gwajin yana tsaye a wurin. Sai a kunna turaren tsinke a ɗaga shi kusa da kafar sama. Idan hayaƙin ya miƙe ya fice, iska na tafiya. Idan ya tsaya yana yawo ko ya komo ciki, kafar ta yi ƙanƙanta ko ta toshe, wataƙila da sheƙar tsuntsu ko gidan zanzaro. Ɗakin da gumi ke sauka a gilashinsa yayin girki shi ma yana nuna ƙarancin iska. Ya dace a yi wannan gwaji a farkon kowane hunturu.

Ita kanta tukunyar tana da wa'adi. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta ƙayyade mata shekara 15, tare da sake gwada ta duk shekara 5, kuma ana buga shekarar ƙira a jikinta. Duk mai sayen ta hannu a kasuwa ya duba wannan, ya kuma guji mai tsatsa a gindi, ko lotsattsiya, ko wadda aka yi wa walda. Ba a cika tukunya maƙil. Ana barin kimanin kashi 20 cikin 100 domin gas yana buɗewa da zafi. Wanda ya matsa wa mai sayarwa ya ƙara masa, kansa ya cuta.

Ga dagatai da masu unguwanni da jami'an duba-gari, abin da ya fi bukatar sa ido shi ne shagunan da ake juye gas daga tukunya zuwa tukunya a tsakiyar gidaje ko kusa da masu tuya da walda. Fashewar da ta auku a wani shagon gas a Sabon Tasha, Kaduna, a Janairun 2020, ta ci rayuka, har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Lasisin wannan sana'a yana hannun hukumar NMDPRA, wadda aka kafa bisa dokar man fetur ta 2021, kuma shugaban al'umma na da damar neman ganin takardar.

Idan aka ji warin gas, kada a kunna ko a kashe fitilar lantarki, kada a ƙyasta komai. A rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da kowa, tun daga yara masu barci a ƙasa. Wanda aka tarar a sume a ɗakin da wuta ke ci, a fitar da shi sarari, a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa madara ko manja. A garzaya da shi asibiti mafi kusa ko Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko da ya farfaɗo a hanya, a kuma shaida wa likita cewa an same shi ne a rufaffen ɗaki tare da wuta.