Yadda Finafinan Garkuwa da Mutane Suka Manta da Kuɗin Fansa

A 1963 Akira Kurosawa na ƙasar Japan ya fitar da High and Low. Gondo, ƙusa a wani kamfanin takalma a Yokohama, ya jinginar da duk abin da ya mallaka don ya sayi hannun jarin da zai mallaka masa kamfanin. Ana cikin haka waya ta yi ƙara: an sace ɗansa, a kawo yen miliyan 30. Nan take ya ce zai biya. Can sai ga yaron ya shigo da ƙafarsa. Ashe ɗan direbansa aka ɗauka bisa kuskure, mai garkuwar kuma ya ce ko kwabo ba zai rage ba. Kusan awa guda labarin bai bar falon nan ba. Direba ya durƙusa yana roƙo, uwargida ta matsa, shi kuwa maigida yana auna ran ɗan wani da guminsa na shekaru. Babu harbi, babu tseren motoci, amma mai kallo ba ya iya kishingiɗa. Rabi na biyu, inda 'yan sanda ke bin sawu, ya ɗan ja da yawa, sai dai ya kai mu ɗakin ɓarawon: mai koyon aikin likita ne a unguwar talakawa, kullum yana hango gidan Gondo a kan tudu.

Shekara biyu bayan nan William Wyler ya yi The Collector, inda wani mai tara malam-buɗe-littafi ya kulle ɗaliba a ɗakin ƙasa ba tare da ya nemi komai daga iyayenta ba. Daga nan akalar ta juya. Mai garkuwa ya tashi daga mai neman kuɗi, ya koma mai ciwon zuciya da ake son leƙa ƙwaƙwalwarsa.

Wannan salo ya kai ƙololuwa a The Vanishing na George Sluizer, fim ɗin Holan na 1988. Mace ta ɓace a gidan mai a Faransa, saurayinta ya shekara uku yana cigiya. Tun da wuri aka nuna mana wanda ya aikata, malamin kimiyya mai mata da 'ya'ya, har da yadda yake gwada dabarunsa yana kasawa. Abin da ya rage shi ne sanin abin da ya same ta, kuma son sanin nan ne ya sa saurayin ya sha abin da aka miƙa masa, ya farka a cikin akwati an binne shi da rai. Da Sluizer ya sake fim ɗin a Amurka a 1993, sai aka tono jarumin aka kashe mugun. Armashin ya tafi.

Amurka ta fi son uba mai zafin zuciya. A Ransom na 1996, Mel Gibson ya zube dala miliyan 2 a talabijin ya ce lada ce ga duk wanda ya kawo ɓarawon ɗansa. A Taken na 2008 Liam Neeson ya bi ta kan gawarwaki a Paris. An samu ciniki, amma hankali ya yi baya.

Prisoners na Denis Villeneuve, a 2013, ya zo ya tuhumi wannan uban. Yara mata biyu sun ɓace a Pennsylvania, 'yan sanda sun saki wanda ake zargi don rashin hujja, sai mahaifin ɗayar, wanda Hugh Jackman ya fito a matsayinsa, ya sace saurayin ya kulle shi a kango yana gana masa azaba. Wanda aka zalunta ya zama mai garkuwa, mai kallo kuma ya rasa bayan wa zai bi. Roger Deakins ya ɗauki hoton cikin ruwan sama da duhu har sanyin ya ratsa mutum. Inda fim ɗin ya gaza shi ne ƙarshe: bayan sama da awa biyu, sai macizai a akwatuna, zanen ruɗani, da tsohuwar da ta ce yaƙi take da Ubangiji. Tambaya mai nauyi ta ɓuge da wasa ƙwaƙwalwa. Room na 2015 ya fi shi gaskiya a nan, domin ya ba da rabinsa ga abin da ke biyo bayan kuɓuta, inda matar da ta shekara bakwai a kulle ta kasa zama cikin danginta. Brie Larson ta ci kyautar Oscar a kansa.

Mai kallo a Zamfara, Katsina ko Kaduna, inda ake sayar da gona, a yi karo-karo a masallaci, a haɗa da babur da katin waya kafin a karɓo mutum, zai ga giɓin da wuri. Garkuwar da ya sani sana'a ce mai ciniki, da masu kai rahoto, da mai kai saƙo daji. Yawancin finafinan nan sun bar wannan sun bi mahaukaci guda. Spike Lee ya koma wa labarin Kurosawa a 2025 tare da Denzel Washington, amma a ganina har yau na 1963 ne a gaba.