Inshorar Lafiya da Kuɗin Jinyar Ɓari a Gaya da Ajingi: Nazarin Dokoki da Tsarin Biya

Tsakure

Maƙalar ta bi dokokin tarayya da na Jihar Kano don gano wanda ke biyan kuɗin jinyar mace idan ciki ya lalace. Ta nuna cewa a ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi doka ba ta hana wannan jinya ba. Rashin rajistar inshora da nauyin baki ne ke hana ta.

Matsayin doka

A Amurka, tun dokar Hyde ta 1976 ake ja-in-ja kan ko kuɗin gwamnati zai biya zubar da ciki. A Arewacin Nijeriya ba nan gizo ke saƙar ba. Sashe na 232 na Kundin Hukunta Laifuka ya haramta zubar da ciki sai don ceton ran uwa, kuma mashhurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne hani ko kafin kwana arba'in. A 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da ƙa'idojin da likita zai bi idan larurar ceton rai ta taso. Wankin ciki bayan ɓari kuwa jinya ce tsantsa, babu laifi a cikinta.

Ina kuɗin suke?

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, rabinsu kuma ta hanyar inshora suke bi. Kano ta kafa hukumar inshorar lafiya ta jiha, KSCHMA, da dokar 2016, sannan a 2022 dokar tarayya ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa.

Sai dai tsarin ya fi dacewa da mai albashi, wanda ake cire masa kasonsa a ƙarshen wata. Mafi yawan magidantan Ajingi manoma ne, kuɗinsu na kaka ne. Matar manomi tana shiga ne idan sunanta ya faɗa cikin rukunin masu rauni da gwamnati ke biya wa kuɗin inshora, kuma guraben ba sa isar kowa. Wadda jini ya ɓalle mata da tsakar dare, kafin a kai ta Babban Asibitin Gaya sai an nemi kuɗin mota, sannan na magani, sannan mai ba da jini. Idan abin ya faskara, sai Wudil ko birnin Kano. A kowane zango akwai jinkiri, jinin kuma bai tsaya ba.

Akwai kuma kunya, wadda a ganina ta fi kuɗi wuyar magani. Mace kan ɓoye ƙaramin ciki, balle na fari. Idan ya zube, tsoron a ce ita ta zubar kan tura ta kemis ko wajen ungozoma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan 82,000 suka rasu a Nijeriya a 2020 sanadiyyar ciki da haihuwa, kuma zubar jini na kan gaba cikin dalilai.

A Nuwamba 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Ya kamata jinyar ɓari ta samu irin wannan shela ƙarara, a yi wa mace rajista ranar da ta fara zuwa awo, limamai da masu unguwanni kuma su faɗa wa mazaje cewa wankin ciki magani ne, a kawo ta da wuri.