Zakka da Wakafi a Arewacin Zamfara

Wakafi, wanda littattafan Malikiyya suka fi kira hubusi, shi ne mutum ya keɓe gona ko gida ko rijiya ta yadda ba za a sayar ba, ba za a gada ba, amfanin kuma ya riƙa zuwa ga jama'a ko bayan ransa. Malamai na kafa hujja da gonar Sayyidina Umar ta Haibara da rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya wa mutanen Madina. Wasiyya kuwa ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yin ta ga magaji.

A ƙasar Kaura Namoda da Zurmi da Shinkafi, zakka ce ta fara samun tsarin hukuma. Bayan jihadin 1804 da faɗuwar Alkalawa a 1808, yaƙin da Namoda jagoran Alibawa ya halarta, yankin ya shiga ƙarƙashin Daular Sakkwato, masu sarauta suka riƙa karɓar zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma na noman damina.

Wakafi kuwa a yankin bai girma ya zama manyan cibiyoyi irin na Masar ba. Ƙasar noma tana da yalwa a lokacin, kuma tana hannun sarki a madadin jama'a, arziki kuwa dabbobi ne da yawan hannun aiki. Don haka sadaka mai gudana ta ɗauki siffar da ta dace da wurin: rijiya a bakin hanyar fatake, zauren saukar baƙi, fili don masallaci ko maƙabarta, da gonar malam da mutanen unguwa ke nomewa da gayya domin ciyar da almajirai. Shaidar dattawa ita ce takarda, kuma a nan raunin yake. Idan shaidu suka ƙare, sau da yawa magada kan haɗa abin cikin rabon gado.

Bayan 1903 Turawa suka narkar da zakka cikin haraji da jangali, fitar da ita ya koma tsakanin mutum da Ubangijinsa. Isowar jirgin ƙasa Kaura Namoda a 1929 ta buɗe cinikin gyaɗa da auduga, kasuwar Shinkafi kuma ta ci gaba da jawo fatake har daga Nijar. Attajiran da suka taso suka gina masallatai, daga baya makarantun Islamiyya. Alheri ne babba, amma galibi yana tafiya ne da ƙarfin mai shi, ya raunana in mai shi ya kwanta dama.

An ƙirƙiri Jihar Zamfara a 1996, a watan Oktoban 1999 kuma Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau. Daga nan aka kafa Hukumar Zakka da Wakafi, mai kwamitoci a masarautu da gundumomi. Tana raba hatsi, tana tallafa wa marayu da marasa lafiya, tana biya wa waɗanda bashi ya kai gidan yari. Manufarta ta yi kusa da ta gidauniyoyin al'umma irin wadda aka fara a Cleveland ta Amurka a 1914, wato a tara kyauta da wasiyyar mutane da yawa a hannun amintattu, a rubuce, a riƙa cin ribar ana barin uwar kuɗi. Sai dai hukumar ta fi dogara ga gwamnati fiye da wasiyyar ɗaiɗaikun mutane.

Ta'addancin 'yan bindiga, wanda ya tsananta tun wajajen 2011, ya taɓa tushen zakka da wakafi. Manoma da yawa a Zurmi da Shinkafi sun bar gonakinsu, an rufe kasuwannin mako a 2021, masu fitar da zakka jiya sun koma cikin masu karɓa, zawarawa da marayu sun cika garuruwa. Gonar wakafi da ba a iya zuwa ba ta ciyar da kowa, shi ya sa shagon haya da gida da rijiyar burtsatse a cikin gari, masu takarda da shaidu, suka fi dacewa da halin da yankin ke ciki.